Sahabi Mai Sauraron Taya

Ku da kuka san Sahabi, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa gama magana da shi in mota tana wucewa? Babu! Kana tsakiyar ba shi labarin ciwon ɗanka, ko ma ta'aziyya ka zo yi masa, sai ka ga ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya karkata kai, ya runtse ido. "Shiru! Magana taka yi." Kai kuwa sai ka tsaya da sauran zancenka a baki har motar ta fice ta Ƙofar Kware. Sannan ya sauke yatsan ya ce, "Ta baya ta dama ba ta da iska. Mi kac ce ɗazu?"

Ni na fi kowa shan wannan yatsa, don taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Su gidan makaɗa ne, kalangu suke kaɗa wa mahauta. Mu kuwa dukawa ne masu aikin fata, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana Haliru ba, sai Baduku. Kun san shi da ɗan lanƙwasasshen icen nan na kaɗa kalangu da ba ya rabuwa da aljihunsa. Da safe kafin ya gaida kowa sai ya zagaya mota, ya tsuguna gaban kowace taya, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. In ta ce "tan" ya gyaɗa kai. In ta ce "tum" to ranar kowa ya shiga uku, babu inda za a je sai an ɗauko famfo.

Yawancinku kun tarar da shi yana tsoho mai faci ne a gindin itacen bakin ƙofa. Ba ku san yadda aka fara ba. Lokacin Nasara bai daɗe da zama ƙasar nan ba, motocin Sakkwato duka ba su cika yatsun hannu ba. In ɗaya ta taso, mutum yakan bar tuwonsa ya fito kallo. Akwai wani Bature mai sayen jar fatar akuya, muna ce masa Maza-Maza, don ita ce Hausar da ya fara koya, kuma a iya sanina bai ƙara da yawa a kanta ba. Yana da wata 'yar mota mai buɗaɗɗen baya da yake yawon kasuwanni da ita.

Wata hantsi muna zaune bakin ƙofa, ina ɗinkin zabira, Sahabi yana ɗaure tsirkiyar kalangunsa, sai ga motar ta taho. Ban ankara ba sai na ga mutumin naku a tsakiyar hanya, hannu biyu a sama. La'ilaha illallahu! Bature ya taka birki, ƙura ta rufe mu. Kukunsa, wanda shi ne tafinta, ya leƙo yana zagi.

Sahabi ya ce, "Bar zagi. Hwaɗa mai ƙahwar baya ta hagu ba ta kai Kware."

Kuku ya juya maganar. Bature ya ce a tambaye shi wa ya gaya masa.

"Ita."

"Ita wa?"

"Ƙahwar mana! Ba ku jin ta? Dif, dif, dif. Hwatar kalangu in za ta yage, haka taka yi."

Maza-Maza ya yi dariya har lofensa ya kusa faɗuwa, ya ce, "Maza-maza!" suka wuce. Kafin azahar sai ga kuku a kan jakin aro, ya yi futu-futu, yana tambayar ina makaɗin nan. Taya ta fashe ana hango Kware. Ashe ƙari ne ya fito mata a gefe, kowane juyi sai ya doki ƙasa, gudu kuma ya ƙarasa ta. Amma fa ta dama ce ta fashe! Ni kuwa me zan yi in ba tsiya ba? Na ce, "Malam mai duba, ai hagu kac ce."

Ko kallona bai yi ba. "Baduku, gabanta nika tsaye. Haguna nika nuhi, ba nata ba."

Daga ranar Bature ya ɗauke shi. Ya fara da wanke mota da buga famfo, kafin damina biyu ya zama direba. Kawu, wato ubansa, ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa, wai ɗansa ya bar fatar iyaye ya koma yi wa ƙarfen Nasara bara. Ni kuma aka riƙa tafiya da ni kasuwanni don in zaɓi fata, ina zaune a baya bisa kaya. To a nan na sha karatu.

A wajen Sahabi taya murya huɗu gare ta. In ana tafiya a hankali, gunaguni take yi kamar tsohuwa tana tsince wake. In an ɗan taka, ta shiga hira. In an ƙara, ta fara waƙa. Abin da ke gaba da waƙa kuwa kururuwa ce, ita kuma ba ya ko son a ambace ta. Kuma wai hirar da take yi a kan burji dabam, ta kan rairayi dabam, in an hau gadar katako kuma sai ya ce ta shiga gulma. Shi dai a hira yake tsayawa. Ko me za a yi ba ya kai ta waƙa. Wallahi akwai ranar da wani Buzu a kan raƙumi ya jera da mu, muka gaisa, ya tambayi farashin gero a birni, ya ba mu labarin rijiyarsu da ta ƙafe, da ya ga za mu ɓata masa lokaci ya yi mana sallama ya wuce.

Kuma duk wannan bai isa ba, sai an yi ɗan nisa ya tsaya, ya sauka, ya ɗora tafin hannu a kan taya kamar mai duba jariri. "Zazzaɓi." Sai a nemi inuwa. Ruwan butarsa da zai yi alwala da shi, rabi na taya ne. Ya ce gudu ne ke dafa ta daga ciki, iskar ta kumbura, in ba a bar ta ta huce ba sai ta yi abin da ta yi a hanyar Kware. Bature ya yi ta nuna masa agogon nan na gaban mota mai nuna gudu, yana cewa allura ba ta ko motsa ba. Sahabi ya zo wurina ya sa na ɗinka wa agogon 'yar hular fata, har da ado, ya rufe shi ruf. Da Bature ya tambaya, ya ce rana ce ke ɓata shi.

Ranar da abin ya kai Maza-Maza maƙura, hanyar Gusau muka bi da rani. Hanya ta yi gargada kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Mota na karkarwa, haƙoranmu na kaɗawa, ni a baya hanjina ya dawo wuya. Lofen Bature ya yi tsalle daga bakinsa ya faɗa ƙasa. Ya daka tsawa: "Tsaya! Kai sauka. Ni tuƙa!"

Sahabi ya koma gefe, ya naɗe hannu. Bature ya cire hular agogo ya jefo mini, ya taka totur. Da farko girgizar ta ƙaru har na fara salati. Can kuma, ikon Allah, sai komai ya lafa. Mota ta miƙe sumul kamar kwalekwale, ƙarar nan duk ta ɗauke, sai wani siririn zuuu kawai. Bature ya washe baki: "Ka ji? Shiru! Taya ya yi murna!"

Gaskiya ni ma na ji daɗi. Na leƙo ta 'yar tagar baya na ce, "Malam Sahabi, wagga murya ta nawa ta? Ba ka karantar da mu ita ba."

Da ya juyo sai na ga fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Baduku, kama wani abu ka riƙe. Ba don daɗi tay yi shiru ba. Ba ta taka ƙasa, kan tudun kaɗai taka lasa. Wadda ba ta taka ƙasa, da mi za ta yi kwana?"

Bai rufe baki ba sai ga kwana. Bature ya murɗa sitiyari, hanya ta yi hagu, mu muka ci gaba da tafiya inda muka nufa tun farko. Muka keta shingen kara, muka ratsa gona, muka shige cikin wani tarin karan dawa muka tsaya cak. Ni dai na tsinci kaina ƙafa a sama, fatun akuya sun rufe ni. Wani tsoho mai gonar yana zaune gindin rumbu yana tufkar igiya. Bai ko tashi ba. Ya dube mu ya ce, "Sannunku da zuwa. Amma hanya can ta."

Sahabi ya sauko. Bai dubi Bature ba, bai tambayi ko ina da rai ba. Ya zaro icensa ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana cewa, "Sannu. Sannu. Kun dai gani, ba ni na ba." Da muka fito da motar, Maza-Maza da hannunsa ya karɓi hular daga wurina ya mayar wa agogo.

Maƙo kuwa, kai! A wajen Sahabi taya ba ta mutuwa, sai dai ta yi jinya. Gaskiya ne sabuwa sai ta hau jirgin ruwa ta hau na ƙasa kafin ta iso mu, amma ko da a bakin ƙofa ake tallarta ba zai saya ba. Ni ne likitan. Na ɗinka ɗanyar fata a cikin taya har basillata ta gaji, faci bisa faci, har ka rasa ina roba ina saniya. Wata rana muna dawowa daga ƙauye robar ciki mai riƙe iska ta yage yagewar da ba ta facuwa. Kun san abin da ya yi? Ya roƙi harawar wake wurin wani manomi, ya ɗura ta cikin tayar, ya danna da ice har ta yi tauri, muka taho tana sif, sif, sif, shi kuwa yana yabon muryarta, wai yanzu ta fi ladabi. Mun iso Gawon Nama la'asar ta yi, muka tsaya salla. Muna sallamewa muka tarar da awaki uku sun zura baki ta inda tayar ta tsage, suna ta zarowa suna tauna, mota ta karkace gefe guda. Sahabi ya ɗora hannu a ka ya kwarara ihu: "Jama'a ku taimaka! Awaki sun cinye min iska!"

In kuma taya ta kai inda ko shi ya yarda ta gama, sai ya kawo mini in yanka takalma. Ba kowa yake ba wa ba, kuma da sharaɗi: ba a ja, ba a gudu. Nasa na ƙafarsa akwai wani ɗan faci a dugadugin hagu mai cewa ƙyat in an taka. Wata Juma'a muka fito masallaci babu su. Ya ɗaga yatsan nan a tsakiyar dubban mutane. Na ce, "Haba Sahabi, cikin wanga taro?" Ya ce, "Shiru!" Ya runtse ido ya shiga kutsawa, ina biye, yana cewa yau ɓarawo zai ga makaɗi. Muka bi ƙyat, ƙyat har bakin kasuwa. Ya miƙa hannu zai cafki wuyan riga ke nan, mutumin ya waiwayo. Surukinsa! Mahaifin matarsa Ige, tsoho ne da ido ya yi rauni, ya zura ƙafa cikin abin da ya samu. Hannun da aka miƙa don shaƙa sai ya zarce ƙasa, Sahabi ya durƙusa yana "Baba, an sauko lahiya?"

Haka muka raka tsohon nan har gida, Sahabi ba takalmi, rairayi kamar garwashi, tsoho kuwa sai jan ƙafa yake yi, fuuu, fuuu. Kowane ja sai na ga Sahabi ya yamutsa fuska kamar shi ake ja a ƙasa. Da ya kasa daurewa ya ce, "Baba, a ɗan riƙa ɗaga ƙahwa, hanyar ga akwai ƙaya." Tsohon ya sa takalman nan har ƙarshen ransa, yana gaya wa kowa yadda Allah Ya musanya masa tsofaffinsa da masu ƙwari a masallacin Juma'a.

To, sau ɗaya tak na ji kururuwar da yake faɗi, kuma shi ne a kan sitiyari.

Muna kasuwar Gwadabawa, ni da shi, Bature yana gida zazzaɓi ya kwantar da shi. Rana ta ɗaga, mun cika mota da fata, sai ga wani maƙwabcinmu a kan doki, dokin duk kumfa. Ya ce Inna ce, uwata. Tun safe jiki ya rikice, ba ta kiran kowa sai ni. Na tsaya riƙe da wata fata a hannu, na kasa ajiyewa. Abin da ke raina shi ne, da tafiyar Sahabi, ko raƙumi ya fi mini.

Sai na ga ya hau bayan mota yana watso ƙullin fatun nan ƙasa, dukiyar Bature, ya ce wa wani dillali ya duba su. Ya ce, "Baduku, shigo gaba." Bai zagaya ba, bai ƙwanƙwasa ko ɗaya ba.

Muka bar gunaguni tun cikin kasuwa. Hira ba ta daɗe ba. Da muka hau burji ta shiga waƙa, na dube shi, na ga bai ɗaga ƙafa ba. Sannan abin ya zo. Jama'a, ashe gaskiyarsa ne, kururuwa ce, wata irin doguwar ƙara mai shiga haƙori, tsakuwa na dukan cikin mota kamar ƙanƙara, warin roba mai ƙuna ya cika mana hanci. Gumi na zuba daga haɓarsa, ya ƙanƙame sitiyari, bakinsa na motsi. Na ɗauka addu'a yake yi. Da na kasa kunne sai na ji yana cewa, "Ku yi haƙuri. Yau ɗai ta. Ku yi haƙuri, gwaggona ta."

Mun haye gulbi mun fara hawa zuwa gari, sai tayar baya ta tashi kamar bindiga. Motar ta yi wutsiya, ya tare ta. Na ce, "Tsaya mu yi faci!" Ya ce, "Ba mu da wanga lokaci." Mutumin da ke shayar da taya ruwan alwalarsa, shi ne ya ja mota a kan ƙarfe tsirara, robar na faɗuwa guntu-guntu a bayanmu. Ƙarar da muka shigo Ƙofar Kware da ita, ka ce maƙeran garin nan duka aka zuba cikin tulu ɗaya. Masu talla suka watse, jakuna suka tsinke.

Na same ta da rai. Ta riƙe hannuna, ta gaya mini abin da take son gaya mini, wannan kuwa tsakanina da ita ne. Can ta hango Sahabi a bakin ƙofar ɗaki, jar ƙura ta rufe shi har gira. Ta ce, "Wa yak kawo ku da wuri haka?"

Ya ce, "Ni na, Gwaggo."

"Kai? Kai kay yi gudu?" Sannan ta ce, "To lalle tahiya ta zo." Ta kama dariya har tari ya sarƙe ta, mu ma muna dariya muna share hawaye. Bayan la'asar ta cika.

Kun san kuma har ya mutu bai yarda ya yi gudu ranar ba. In an tayar da zancen sai ya ce, "Gangara ta." Gangara! Duk wanda ya taɓa tahowa daga Kware da ƙafarsa ya san hawa ake yi.

Ba a yi kwana bakwai ba muka ga ya daina zuwa gidan Bature, ya kafa famfonsa a gindin itacen nan inda kuka san shi. Da muka tambaya ya ce shi ya ajiye aikin, wai Maza-Maza ya sayo sababbin tayoyi masu yin Turanci, shi kuwa ba ya tuƙa abin da ba ya jin maganarsa. Muka yi ta dariya. Ni na fi kowa yayata wannan labari, duk inda na zauna sai na ba da shi, shi kuma yana gefe yana murmushi yana shafa wa roba gam.

Ranar sadakar ukunsa, da mutane suka ragu, Ige ta aiko a kira ni. Ta tsufa ita ma, tana zaune bakin ɗakinta. Ta ce, "Haliru, akwai abin da yas sa ni rantsuwa kar in hwaɗa maka shina da rai. Ba shi yab bar aiki ba. Korar shi anka yi, ranar da anka rufe Inna, saboda ƙarhen da yal lanƙwashe da hwatun da yaz zubar kasuwa. Ya ce kar Baduku shi ji, raki gare shi, sai shi ɗauka shi yaj ja."

Na fito zaure na zauna. Shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan tsiya, ashe abincin bakinsa ya ba da don in sami wannan 'yar sa'a da uwata, bai kuma bar ni na ce masa ko na gode ba.

Ya Allah, ga Sahabi nan ya zo gare Ka. Ka san abin da ya ɓoye, Ka fi mu sanin sauran da ba mu ji ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da gwaggonsa a inuwar rahamarKa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.